Tsakanin “Yana” da “Was”: Gudummawar da Nahawun Hausa Zai Iya Bayarwa a Ajin Ingilishi

Gabatarwa

A daminar da ta wuce ina yi wa wasu 'ya'yan 'yan'uwa bitar karatu a Bacirawa, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, sai wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta miƙo mini littafinta na Ingilishi. An ba su aikin gida ne su rubuta labarin abin da ya faru jiya. Jimlarta ta farko ita ce: “Yesterday my father is weeding the farm when the rain started.” Malaminta ya zagaye “is” da jan biro, ya rubuta “was” a samanta, ya wuce. A shafukan da suka biyo baya kuskuren ya yi ta dawowa, jan biron ma ya yi ta binsa. Na ce mata ta faɗa mini jimlar da Hausa, ta ce: “Jiya Baba yana noma a gona sai ruwa ya sauko.” Na tambaye ta dalilin da ya sa ta rubuta “is”, ta amsa da cewa ai an koya musu “yana” ita ce “is”.

Yarinyar nan ta bi ƙa'idar da aka ba ta sau da ƙafa. Ƙa'idar ce gurguwa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, siffofi biyu na Ingilishi da suka fi wahalar da ɗalibanmu wajen ba da labari, wato wanda littattafansu suke kira simple past da wanda suke kira past continuous, sun fi sauƙin koyarwa idan aka biyo da ɗalibi ta nahawun harshensa, muddin mu manazarta Hausa mun fara gyara yadda muke bayyana wannan nahawun. Kashin farko na aikin yana hannunmu.

Abin da “Yana” Take Ɗauke da Shi

A azuzuwan Hausa mun gaji wasu sunaye da kowa ya sani: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, lokaci mai ci na ɗaya da na biyu, lokaci mai zuwa na ɗaya da na biyu, lokaci sabau, da sauransu. Rabe-raben nan sun yi daidai da tsarin da ake samu a littattafai irin na M. K. M. Galadanci na 1976, kuma sun yi wa darasin Hausa hidima tsawon shekaru. Sai dai kalmar “lokaci” da ke cikin sunayen tana sa ɗalibi, har ma da malami, ya ɗauka cewa kowace siffa an ɗaure ta ne da wani yanki na zamani: wannan ta jiya ce, waccan ta yanzu ce. Dubi waɗannan jimloli:

(1) a. Yanzu haka suna shuka.
b. Jiya war haka suna shuka.
c. Gobe war haka suna shuka.

Siffar “suna shuka” ba ta motsa ba a jimlolin uku. Bayanau ne ya sauya, shi ne kuma ya gaya wa mai sauraro zamanin da ake nufi. Abin da “suna” take nunawa shi ne aikin yana gudana, bai kammala ba, a daidai gaɓar da mai magana ya tsaya yana kallo, ko jiya ce ko gobe. Haka lamarin yake a ɗaya ɓangaren:

(2) a. Na gane.
b. Abincin ya isa.
c. Idan sun zo gobe, ka ba su.
d. Kafin ka dawo mun gama.

Duk waɗannan muna sanya su ƙarƙashin shuɗaɗɗen lokaci, alhali biyun farko suna magana ne kan halin da ake ciki yanzu, biyun ƙarshe kuma kan abin da bai ma auku ba. Wanda ya miƙe ya ce wa abokansa “na tafi” bai ɗaga ƙafa ba tukuna. Abin da ya haɗa su shi ne ana kallon aikin a matsayin kammalalle.

Masana ilimin harsuna sun daɗe da bambance abu biyu: nunin zamani, da nunin yanayin aukuwar aiki, wato kammaluwarsa ko rashinta. Littafin Bernard Comrie na 1976 a kan yanayin aukuwa yana cikin waɗanda suka daidaita wannan bambanci. Manyan littattafan nahawun Hausa biyu na farkon wannan ƙarni, na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001, duk sun bayyana tsarin Hausa a matsayin wanda ya fi karkata ga yanayin aukuwa. Ingilishi kuwa yana tilasta wa mai magana ya nuna abubuwan biyu a lokaci guda. A cikin “was weeding”, ɗafa-ƙeyar “-ing” tana cewa aikin yana gudana, “was” kuma tana cewa jiya ne. Hausa tana bayyana na farkon a jikin zagin aikatau, ta bar na biyun ga bayanau ko ga mahallin zance. Yarinyar Bacirawa ta riga ta faɗi “yesterday” a farkon jimla, a tsarin harshenta ta sauke nauyin nuna zamani. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa Ingilishi yana so a maimaita wannan nauyin a kan kowane aikatau.

Da za a zauna da ita minti goma a rubuta jimlolin (1) a allo, a jera musu “are”, “were” da “will be” a gefe, da ta ga inda gizo yake saƙa. Ɗaliban da ke zuwa Islamiyya ma suna da wata matakala ta daban: a Larabci ana sanya “kana” gaban fi'ili mudari'i don a mayar da aiki mai gudana zuwa baya, aikin da “was” take yi ke nan.

Inda Harsunan Biyu Suka Haɗu

Babban abin da littattafan Ingilishi suke son ɗalibi ya iya shi ne haɗa siffofin biyu a labari ɗaya: aiki mai tsawo yana gudana, wani gajere ya katse shi. Wannan dabara ce da yaron Bahaushe ya ƙware a kanta tun yana sauraron tatsuniya a gaban kakarsa. Ga misali irin wanda kowane yaro a karkarar Kano zai iya faɗa:

(3) Muna huɗa a gonar Baba, rana tana dukanmu, sai hadari ya taso daga gabas. Muka tattara kayan aiki, muka ɗora wa jaki, muka kama hanyar gida.

“Muna” da “tana” su ne shimfiɗar labarin. “Sai” ce ƙofar da abin da ya katse shimfiɗar ya shigo ta cikinta. Daga nan “muka” ta karɓi ragama, tana jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka mayar da wannan zuwa Ingilishi, duk inda “muna” ko “tana” take za a sami “were” ko “was” tare da “-ing”, duk inda “muka” take za a sami sassauƙar siffar shuɗaɗɗen aiki, “sai” kuma ta koma “when”. Daidaituwar ta kai a kafa darasi a kanta.

A nan ne bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu yake da amfanin da ba mu cika ambata ba. Mukan koyar da na biyun a matsayin wanda ke zuwa bayan “da” ta dangantaka, ko a tambaya, ko a jimlar ƙarfafawa, kamar “mutanen da suka zo”, “su wa suka zo”, “su ne suka zo”. Amma babban aikinsa a bakin jama'a shi ne jera labari. “Baƙi sun zo” sanarwa ce, tana nufin ga su nan, kuma sau da yawa ta fi kusa da “have come” ta Ingilishi. “Sai baƙi suka zo” kuwa mataki ne a cikin labari, ita ce “came”. Ɗalibin da ya gane wannan ya sami mabuɗin wata matsalar da ke jiransa a babbar sakandare.

Akwai wata 'yar dabara da ya kamata malami ya sani. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka “ya” mai dogon wasali ta lokaci na ɗaya da “ya” mai gajeren wasali ta lokaci na biyu kamanninsu ɗaya a allo. Haka “na”, “ka” da “ta”. Saboda haka a fara da jam'i, inda bambancin yake a fili: mun da muka, kun da kuka, sun da suka, an da aka.

Hatta siffar aikatau tana da abin da za ta bayar. Ɗalibi ya san ana cewa “ta dafa” amma “tana dafawa”, “ya tafi” amma “yana tafiya”, “sun fito” amma “suna fitowa”. Wato ya riga ya san cewa aiki mai gudana yakan nemi sunan aiki a madadin tsurar aikatau. Idan aka ce masa “-ing” 'yar'uwar “-wa” ce, an ba shi abin riƙewa, ko da yake za a ƙara masa da cewa “-wa” takan faɗi idan karɓau ya biyo baya, kamar a “tana dafa tuwo”, ita kuwa “-ing” ba ta faɗuwa.

Inda Suka Rabu

Kwatanci yana da haɗarinsa idan aka tsaya rabin hanya, kamar yadda wanda ya ce “yana” ita ce “is” ya tsaya. Akwai wurare huɗu da “yana” ta jiya ba ta zama “was” da “-ing”, kuma wajibi ne a nuna wa ɗalibi su da sunansu.

Na farko, mallaka da halin zuciya. Hausa tana cewa “yana da gona”, “ina son ta”, “muna jin yunwa”, duk da siffar aiki mai gudana. Ingilishi ba ya yarda aikatan mallaka da sani da so su ɗauki “-ing” a irin wannan ma'ana. Daga nan ne “he was having a farm” take fitowa, jimlar da ta zama ruwan dare a rubutun ɗalibanmu.

Na biyu, al'adar da ta wuce. “A da muna zuwa kasuwar Kurmi da ƙafa” ba labarin tafiya ɗaya ba ce da ake tsakiyarta. Abu ne da aka saba yi, Ingilishi kuma zai so “used to go” ko “went”.

Na uku ya fi ɓuya. A jimla irin “Yana ganina sai ya gudu” ko “Muna isa aka buɗe ƙofa”, siffar ta aiki mai gudana ce, amma ma'anar ita ce da zarar abu na farko ya auku na biyu ya biyo baya. Fassararta ita ce “as soon as he saw me”, da sassauƙar siffa. Malamin da bai lura da wannan gini na Hausa ba zai ga “he was seeing me” a takarda ya rasa daga ina ta ɓullo.

Na huɗu, korewa. Bahaushe yana cewa “sun zo”, “ba su zo ba”, aikatau bai canza ba. Ingilishi yana cewa “came”, amma a korewa ya ɗauke alamar zamani daga aikatau ya ɗora wa “did”. Yaron da ya sha wahala kafin ya haddace “came” ba zai so ya sake ta ba, sai ya rubuta “did not came”. Abin sha'awa shi ne a nan Ingilishi ne ya yi irin ta Hausa: ya ɗora nauyin a kan ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau, ya bar aikatau tsurarsa. Faɗa wa ɗalibi haka ya fi jan biro goma amfani.

Bayan nahawu akwai kunne. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa kalmomin aro suka zama “banki”, “benci” da “siminti”. Alamar shuɗaɗɗen aiki ta Ingilishi kuwa, wadda ake rubutawa “-ed”, ana furta ta iri uku, kuma a biyu daga ciki baƙi ne tsura da ke manne wa ƙarshen kalma. A “walked” baƙaƙe biyu ne a ƙarshe, a “asked” uku. Yaron da bai ji bambancin “walk” da “walked” a bakin malaminsa ba, da wuya ya rubuta shi. Ina ganin ya fi dacewa a fara da aikatau irin “planted”, “started” da “wanted”, inda alamar take zama cikakkiyar gaɓa da kunnen Bahaushe yake kamawa, sannan a gangaro zuwa sauran. Su kuma aikatan da ba sa bin ƙa'ida, irin “go” da “went”, a tuna wa ɗalibi cewa shi ma ya haddace akuya da awaki, doki da dawaki, saniya da shanu, ba tare da wani ya ba shi jadawali ba. Ya koye su ne ta yawan ji a cikin zance mai ma'ana.

Hujjojin Masu Ganin Akasin Haka

Hujja ta farko ita ce a koyar da Ingilishi da Ingilishi kawai, don yaro ya saba tunani da shi. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi a yanzu. Manufar Ilimi ta Ƙasa tun daga 1977 ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen yankin. A ƙarshen 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. Muhawarar nan babba ce, kuma gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 yana nan ga mai son dubawa. Amma abin da nake magana a kai ya fi wannan ƙanƙanta. Ko da wane harshe aka rubuta a takardar manufa, yaron Bacirawa da Hausa yake tunani lokacin da yake rubuta labarinsa. A gida Hausa, a gona Hausa, a filin ƙwallo Hausa. Malaminsa ma da ya ga ajin ya yi tsit yakan juya zuwa Hausa, kuma a irin wannan juyawar ta gaggawa ce ake haifar ƙa'idoji irin “yana ita ce is”. Hana ambaton Hausa a aji ba ya fitar da ita daga kan yaro. Abin da yake yi kawai shi ne barin kwatancin ya gudana a ɓoye ba tare da mai gyara ba.

Hujja ta biyu daga masana take fitowa. Tun bayan littafin Robert Lado na 1957, wanda ya ɗora koyar da harshe a kan kwatanta shi da harshen ɗalibi, bincike ya nuna cewa ba kowane kuskure ne yake da tushe a harshen uwa ba. Masu koyon Ingilishi daga harsuna mabambanta sukan yar da “-ed” a farkon koyo. Roger Andersen da Yasuhiro Shirai sun nuna cewa ɗalibai sukan fara liƙa alamar shuɗewa ga aikatan da ke aukuwa farat ɗaya, su liƙa “-ing” ga masu ɗaukar lokaci. Na yarda da wannan, kuma jimlar yarinyar nan ma ta dace da shi, tunda ta rubuta “started” daidai. Sai dai wannan bai bayyana “was having a farm” ko “he was seeing me” ba. Waɗannan sawun Hausa ne a fili. Ba na da'awar kwatanci zai warware komai. Ina cewa ne akwai rukunin kurakurai sanannu da ya fi kowace hanya saurin warwarewa.

Hujja ta uku ita ce wadda nake ji daga abokan karatuna: wannan matsalar sashen Ingilishi ce, mu me ya shafe mu? Ya shafe mu ta fuska biyu. Malamin Ingilishi a makarantun karkarar Kano galibi Bahaushe ne, kuma iyakar abin da ya sani na nahawun Hausa shi ne abin da muka koya masa a sakandare ko a kwalejin ilimi. Idan mun ce masa lokaci mai ci shi ne abin da ke faruwa yanzu, muka tsaya nan, to mu ne muka ɗora masa tubalin kuskuren. Ta fuska ta biyu kuma, iyaye da yawa suna kallon darasin Hausa a matsayin ɓata lokaci, suna ganin Ingilishi ne mai kai yaro jami'a, tunda ba a samun gurbi sai da kiredit a cikinsa a jarrabawar WAEC ko NECO, inda rubuta labari yake cikin zaɓuɓɓukan insha'i. Ranar da uba ya ga darasin Hausa ya gyara wa 'yarsa Ingilishi, ranar ce za mu daina roƙon a mutunta fanninmu.

Kammalawa

Shawarwarina uku ne, kuma babu wadda take jiran kasafin kuɗin gwamnati. Ta farko, masu rubuta littattafan nahawun Hausa na makarantu su riƙe sunayen da aka saba da su idan sun ga dama, amma su sanya misalai irin na (1) da (2) a ƙarƙashin kowane suna, su faɗa ƙarara cewa “yana” tana aiki a jiya da yau da gobe. Ta biyu, sassan Hausa da na Ingilishi a jami'o'i da kwalejojin ilimi na Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato su haɗa hannu su samar da ɗan littafi na kwatancin nahawun harsunan biyu, a rubuta shi da Hausa, don malamin ƙaramar sakandare. Ɗaliban da ke haɗa Hausa da Ingilishi a karatun NCE su ne suka fi cancanta su fara gwada shi a lokacin koyon aikin koyarwa. Ta uku ta shafi ire-irena masu neman batun bincike: a tattara rubutun ɗalibai na haƙiƙa daga makarantun Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa da makamantansu, a ƙirga kurakuran, a ware waɗanda Hausa ta haifa da waɗanda kowane mai koyo yake yi. Ƙwaƙƙwaran alƙaluma za su tabbatar da abin da na faɗa a nan ko su gyara shi.

Ita kuwa yarinyar, na sa ta ba ni labarin ranar da aka yi ruwan da Hausa, na rubuta shi a gefe ɗaya na takarda. Ta ja layi ƙarƙashin kowace “yana” da “muna”, ta zagaye kowace “muka” da “suka”, sannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna mayarwa. Da muka zo kan “Baba yana ganin hadarin sai ya ce mu tashi”, ta rubuta “was seeing”, ta tsaya, ta ce ai ganin bai daɗe ba. Ta goge da kanta ta rubuta “saw”.